Hauren da Bai Fito wa Tanoma Ba

Da sunan Allah nake farawa. Mushe, malamin da ke koya muna karatun manya, ya ce kowace ta rubuta wani abu da ya same ta, wanda in wata ta ji zai amfane ta. Ni karatuna bai yi nisa ba, hannuna ma bai saba da alƙalami ba, sai ku yi haƙuri. Abin da zan faɗa jinyar ɗiyata ce ta fari, wadda munka yi bara, daga ƙarshen damina zuwa kaka.

Ba zan rubuta sunanta na yanka ba. A gida Tanoma ake ce mata, don lokacin noma anka haife ta. Kun san yadda ɗiyan fari suke wurinmu nan Adar. Uwa ba ta kiran suna, ba ta wasa da su gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Tun ranar yaye Tanoma ta koma ɗakin Inna, uwar maigidana. Can take ci, can take kwana. In ta yi laifi Inna ke tsawatawa, in ta yi ciwo Inna ke neman magani. Ni nawa kallo ne, shi ma a sace. Maigidan kuwa shina Kumasi wajen bidar kuɗi, ya bar mu ƙauyenmu da ke bayan Kalfu.

Ta fara famfara kamar sauran yara. Haƙoran ƙasa sunka faɗi, sunka fito. Manyan nan biyu na sama sunka faɗi, sunka fito. Sai ƙaramin da ke kusa da su ta hannun dama ya faɗi. Inna ta sa ta jefa shi bisa ɗaki, ta ce ta riƙa rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata damina ta shigo, giɓi na nan yadda yake. Ɗan'uwansa na hagu kuwa, ɗan ƙarami fari kamar ƙwayar shinkafa, ya ƙi ko motsi, alhali tsaranta duk sun zubar da nasu.

Ni na fara lura, amma wa zan gaya wa? Sai in aike ta ta ɗauko mani ludayi ko faifai, in ta kawo in tambaye ta abin da na riga na sani, don kawai ta buɗe baki in leƙa. Dasashin wurin ba shi da tudu. Na sauran yara in haure na tahowa za ka ga wurin ya kumbura ya yi fari. Nata a lafe yake, har ya ɗan lotsa.

Yara sunka fara yi mata tsiya wajen rijiya, suna ce mata mai ƙofar gari. Yarinya mai dariya har da faɗuwa ƙasa ta koma rufe baki da gefen zane.

Daga nan shawarwari sunka taso. Wata ta ce ƙadangare ne ya gani, ba makawa. Wata ta ce a riƙa goga mata albasa. Wata ta ce a kankare wurin da ƙwayar hatsi kullum da safe. Anka karɓo rubutu ta sha. Duk Inna ta yi, ba ta yi sakaci ba, wannan ina shaidarta gaban Allah. Da abin ya ƙi, sai ta kira Baba Idi, wanzamin garinmu, wanda shi ya yi wa yaran gidan nan duka aski ranar suna.

Ina bakin murhu ina jin su. Ya taɓa wurin da yatsa ya ce, "Haure na ciki, Inna. Nama ne ya yi mashi kauri. In anka tsaga mashi hanya, kwana kaɗan za ki gan shi."

Inna ta ce, "To mi muke jira? Ɗiya mace da giɓi, wa zai kalle ta gobe?"

Washegari da safe anka yi. Ina daka a tsakar gida sa'ad da na ji ƙararta daga bayan ruhewar hatsi. Ban aje taɓarya ba. Matan gida na kallona su ga ko zan nuna wani abu, sai na ci gaba da daka, taɓarya na ta kuskure tsakiyar turmi, hatsi na zuba ƙasa.

Makon farko anka ce zafin aska ne, zai wuce. Ana dafa bagaruwa tana kurkure baki. Amma leɓen sama ya fara tashi, ta daina tauna tuwo, sai fura mai ruwa. Kafin mako ya ƙare jikinta ya ɗauki zafi. In ta wuce kusa da ni ina jin wani wari daga bakinta, irin na naman da ya kwana biyu.

Mako na biyu kumburi ya hau kunci, ya kai gindin hanci, idon dama ya fara ƙanƙancewa. Anka shafa man shanu da kanwa, anka yi hayaƙi. Furar ma ta koma sai an ɗura mata. Na kai mata ruwa ɗakin Inna, ta kama gefen zanena ta riƙe. Inna na zaune. Na zare zanen a hankali na fito. Na je bayan gida na yi kukana, na wanke ido na dawo.

Ba ni iya ce wa Inna a kai ta likita. Sai na aika da mai tallar daddawa da ke zuwa Tawa ranar Lahadi, ta gaya wa yayata Rabi da ke aure can. Yaya Rabi ba ta da nauyin baki, kuma ita ba surukar kowa ba ce a gidan. Ta zo, ta leƙa yarinya, ta fito tana tafa hannu.

"Inna, wagga fuska ta wuce bagaruwa! Ku ba ni ita in kai gidan likita."

Inna ta ce, "Ni ba ni shiga gidan nan. Warinsa kaɗai na tayar mani da zuciya."

"To ba ke za ki shiga ba. Ga wagga da ke zaune ba ta aikin komi, ta zo ta riƙe mani ita."

Haka Yaya ta fitar da ni ba tare da na roƙa ba. Na sai da akuyata guda ga maƙwabci, ba daraja, don ya ga ina sauri. Munka hau jaki da Tanoma, ƙaninta na goye a bayana.

Gidan likita na Tawa ban taɓa ganin taro irinsa ba in ba kasuwa ba. Mutanen ƙauye, Buzaye da raƙumansu ɗaure a waje, Fulani, kowa da majinyacinsa a ƙarƙashin itace. Munka zo tun rana ba ta yi zafi ba, ba mu shiga ba sai bayan azahar. Ina kallo matan ma'aikata na zuwa da takalma da laima, mai tsaron ƙofa na buɗe masu su wuce, mu da munka kwana bisa hanya muna zaune. Wannan ya ci mani rai, har yau ban mance ba. An ce ƙasa ta zama tamu, amma a bakin ƙofar nan ban ga alama ba.

Wanda ya duba ta majo ne, babban ma'aikacin jinya, wani dogon Bazabarme mai Hausa a karye. Da ya ɗaga leɓen ya ga wurin, ya juyo kaina.

"Wa ya yanka?"

Na sunkuyar da kai.

"Ke ce uwa?"

Yaya ta ce, "Ita ce. Ɗiyar fari ce, ba ta amsa maka."

Ya ce, "Kunya, kunya! Yarinya na ruɓewa kuna kunya. Da kun ƙara kwana biyu, da ido ya tahi."

Na ji zafin maganar ƙwarai. Amma mutumen nan da ya zage ni, shi ya matse ruwan ciwon da hannunsa, ya wanke, yana lallashinta yana ce mata ƴar sarki. Ya rubuta allura safe da marece. Wadda ke gidan likita ta ƙare a tsakiya, sai munka saya a kanti, kuɗin akuya ya tahi can. Allah ya saka mashi, ya kuma sassauta mashi harshe.

Mako na uku zafin jiki ya sauka, ido ya buɗe. Cinyoyinta duk sun yi tauri da allura, tana tahiya tana ɗingishi, amma ta fara cin tuwo mai laushi. A gidan Yaya ne na fara kwana ɗaki guda da ɗiyata tun da anka yaye ta. Na yi mata kitso da hannuna. Ba ta san yadda za ta kira ni ba, ni ma ban san yadda zan kira ta ba, sai mu yi ta "ke" da "ke" Yaya na yi muna dariya.

Ciwo ya warke, amma giɓi na nan. Majo ya ce kada mu koma gida tukuna, akwai lokotoron haƙora da ke zuwa daga Yamai lokaci lokaci, ana sa ran shi. Munka jira. Yau a ce gobe, gobe a ce motarsa ta lalace a hanya. Ina cin abincin mijin Yaya ina jin nauyi, ga girbi ya kama a gida ba ni nan.

Da ya zo, Anasara ne, gajere, hannunsa duk gashi. Ya ƙirga haƙoranta da wani ɗan ƙarfe mai madubi, ya sake ƙirgawa. Ya taɓa ƙaramin nan na hagu, ya girgiza shi, bai motsa ba. Ya ce sai an ɗauki hoton cikin ƙashi, wanda suke ce wa radiyo. Anka ɗauka ranar Asabar, anka ce mu dawo Litinin in an wanke.

Ranar Lahadi sai ga Inna bisa jaki, ta zo kasuwa, ta biyo gidan Yaya. Ta rungume Tanoma tana kuka, tana cewa ɗaki ya yi mata faɗi. Bayan an gaisa ta ce da ita za ta koma.

Yaya ta ce, "Inna, ki bari a ji abin da hoto ya ce gobe."

"Hoto ai ba ciwo gare shi ba, ku karɓo mashi magani. Yarinya ta warke. Kuma Idi ya gano inda matsalar take. Wancan tsohon na hagu da ya ƙi faɗuwa, shi ya tare hanya, shi ya hana ɗan'uwansa fitowa. In anka cire shi, duka biyun za su fito tare."

Na dubi Yaya, Yaya ta yi magana har ta gaji. Inna ta ce ita ta raini uban yarinya, ba yau ta fara ganin haƙora ba. Ni ina tsaye riƙe da butar da na kawo mata ruwa, bakina ya ƙi buɗuwa. Ina kallo ta ɗora ta bisa jaki sunka tahi. Tanoma na waiwaye har sunka sha kwana.

Litinin tun da sassafe ina bakin ƙofa. Wannan karon majo ya hango ni ya sa anka shigar da ni. Lokotoro ya ɗaga wani ɗan baƙin abu kamar fatar tambari wajen taga, yana magana, majo na juya mani da Hausa.

"Kin ga waɗannan farare da ke kwance cikin ƙashi, can baya? Haƙora ne da ba su fito ba tukuna, suna jiran lokacinsu. To dubi nan, bisa giɓin. Mi kika gani?"

Na ce, "Ban ga komi ba."

"To ba komi. Dubi nan kuma, bisa ƙaramin na hagu."

Nan ma ba komi, duhu kawai.

Lokotoro ya faɗi wata kalma, ajenezi, har sau biyu, shi ya sa ta zauna mani. Majo ya ce ma'anarta hauren ba ɓuya ya yi ba, ba makara ya yi ba, tun a ciki ba a halicce shi ba. Ko an tsaga har ƙashi ba abin da zai fito. Na tambaya ko wani abu na ci da cikinta, ko wani abu na yi. Ya ce a'a, haka Allah ke yin wasu, yakan bi jini a dangi. Lokotoro ya ce ba ita kaɗai ba ce, cikin masu zuwa wurinsa yana samun irinta jefi jefi, har da manya da ba su taɓa sanin haƙoransu ba su cika ba, kuma yawanci wurin nan ne ko can wajen matauna. Na ce to magani fa? Ya ce in ta girma ana iya sa mata na roba a Yamai, in da hali. Sa'an nan ya ɗaga yatsa.

Majo ya ce, "Ya ce ki ji wannan da kyau. Ƙaramin nan na hagu bai faɗi ba don babu mai turo shi. Shi ke nan gare ta a wurin. In an kula da shi yana iya kai ta shekaru masu yawa. Kada a bari kowa ya taɓa shi."

Na ce, "Sun tahi da ita jiya. Cire shi za su yi."

Majo ya aje alƙalami. "Yaushe?"

"Ban sani ba."

"To mi kike tsaye yi nan?" Ya naɗe hoton cikin takarda ya danƙa mani. "In kin je ki buɗe baki. Ba Rabi can, ba ni can."

Ba mota sai ranar kasuwa. Na ɗaure goyo na kama hanya da ƙasa. Duwatsun hanyar Kalfu kun san su, takalmina ya tsinke tun ban yi rabi ba, na riƙe shi a hannu. Wasu Buzaye masu jakai sunka tausaya mani sunka ɗauke ni wani wuri, sunka ba ni ruwa daga salka. Abin da nake ta lissafi a zuci shi ne, Baba Idi ba shi fid da jini da tsakar rana, sai da safe ko in rana ta yi sanyi. In da safe sunka yi, an gama. Ina tahiya ina duban inuwata, ina roƙon Allah ya sa gona ta riƙe shi da safe. Kuma ko na iske ba a yi ba, mi zan ce? Ta wace fuska? Na shirya magana ta kai goma a hanya, duk sunka watse.

Na shiga gida bayan la'asar. Tsakar gida cike da mata an dawo daga sussuka. Tanoma na zaune bisa turmi da anka kifa, Inna ta riƙe mata kai ta baya. Baba Idi ya buɗe zabira, awartaki na hannunsa, yana goge shi da gefen riga.

Ban yi sallama ba. Sunanta na yanka, wanda ban taɓa faɗa ba tun ranar da anka raɗa mata shi, shi na ji ya fito daga bakina da ƙarfi. Na ce, "Tashi daga nan! Zo nan wurina!"

Wata ta ce, "La ilaha illallahu." Yarinyar ma ba ta gane da ita nake ba, sai da na sake kira. Ta zame daga hannun Inna ta zo ta tsaya bayana.

Inna ta ce, "Ke, lahiyarki? Rana ta taɓa ki a hanya?"

Na durƙusa. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ba a cire shi. Babu wani a ƙarƙashinsa. In anka cire, haka za ta zauna har ta mutu."

"Wa ya ce?"

Na kwance hoton na miƙa. Ba ta karɓa ba. Baba Idi ne ya karɓa, ya ɗaga shi wajen rana, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Na nuna mashi farare na baya, na nuna mashi inda babu.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ni wanga abu ban iya karatunsa ba. Amma Inna, ranar da na tsaga, na sa bakin aska ina neman inda zai yi ƙaras, ban ji ba. Na ce ko zurfi ne gare shi." Ya mai da awartaki cikin zabira ya ɗaure. "Tunda uwa ta hana, ni ba ni sa hannu."

Inna ta dube ni tun daga kai har ƙafafuna masu jini. Ta ce, "Uwa. Ashe uwa gare ta." Ta shiga ɗaki. Can sai ga ta da tabarmar Tanoma da ɗan ƙwaryar furarta, ta aje a ƙofar ɗakina. "Riƙe abinki."

Wannan ita ce jinyar. Abin da ya biyo baya bai fi ta sauƙi ba. Wajen rijiya mata na nuna ni da baki, wai na je birni na sai da kunya na sayo hoto. Inna ta yi wata biyu in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. An aika wa maigidan da labari Kumasi, ban san yadda anka kai mashi shi ba, kuma har yanzu bai dawo ba balle in ji ta bakinsa. Hauren ma na tarar ya ɗan yi laushi, don tun daren da sunka iso Inna ta sa ta riƙa girgiza shi da yatsa. Ya koma ya kafu, amma ba kamar da ba. Kullum da safe sai na ce ta buɗe baki na gani. In ta ciji wani abu mai tauri, ni ke jin zafin.

Ku mata ƴan'uwana, in haure ya faɗi wani bai fito ba, kada ku bari a tsaga. In na yarinta ya ƙi faɗuwa kuma ba shi ciwo, kada ku bari a cire sai an ɗauki hoto an ga akwai na bayansa. Ku yi magana tun abu na ƙarami, ko ku sami mai yi maku. Ni na bari sai da ya kai ga ihu gaban surukai.

Da Sallar layya ta zo, anka soya nama, yara sunka taru ana raba masu. Ina daga ɗaki ina leƙe, don na ga an miƙa wa Tanoma wani guntu mai jijiya, kuma ba ni son in sake yin magana gaban mutane. Kafin ta kai baki Inna ta fizge shi. Ta jawo wuƙa ta yanka mata shi ƙanana ƙanana bisa faifai, ta tura mata gaba.

"Da na baya za ki tauna, shashasha," in ji ta. "Guda ɗai ya rage maki, kuma uwarki ba ta da sauran akuya."

Ba ta dubi wajen ɗakina ba, amma ta ɗaga murya yadda zan ji.

Allah ya ba marasa lahiya lahiya, ya bar wa ɗiyata ɗan haurenta.